Zan iya kai iyalina Farin Ruwa da jif a watan Agusta?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Abuja, kuma na daɗe ina yi wa yarana alkawarin zan kai su su ga magangarar ruwan nan ta Farin Ruwa da ke Jihar Nasarawa. Ina so mu je a hutun watan Agusta, tunda an ce lokacin ne ruwan ya fi cika. Mu shida ne: ni da maiɗakina, da yara uku 'yan shekara 11 da 7 da 2, sai mahaifiyata wadda ke fama da ciwon gwiwa. Motata Highlander ce, amma ƙanina ya ce zai ara mini Hilux ɗinsa. Ban taɓa tuƙi a hanyar daji ba. Wace mota ya kamata mu ɗauka, kuma me zan tanada?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaran, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Mota ka tambaya, amma da na karanta saƙonka sai na ga abu uku ne a ƙunshe: wace mota, wane lokaci, da kuma su wa za a ɗauka. A cikin ukun nan mota ce mai sauƙin amsa. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne watan Agustan da ka ambata, don haka ka yi haƙuri in na daɗe a kansa kafin mu zo kan Hilux da Highlander.

Na shafe sama da shekara ashirin ina tuƙa motocin aiki, galibi Hilux da Land Cruiser, ina kai masu haƙar rijiyar burtsatse da malaman gona ƙauyukan Nasarawa da Filato da kudancin Kaduna. Yankin Wamba na shige shi da rani, na shige shi da damina. Abin da zan gaya maka daga nan na samo shi, da kuma bakin tsofaffin direbobin da na koyi aiki a hannunsu.

Wurin da kuke son zuwa

Farin Ruwa tana cikin ƙaramar hukumar Wamba, daf da iyakar Nasarawa da Filato. Ruwan daga saman tsaunukan Filato yake tasowa, ta wajen Bokkos, ya zo bakin tudu ya sulalo a jikin dutse tsawon kimanin mita 150, faɗinsa kuma idan ya cika yakan kai mita 50. Magangarar Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wadda duniya ta sani, tsayinta mita 108 ne. Ta fi tamu faɗi nesa ba kusa ba, amma a tsayi tamu ta ɗara ta. Sunan kuwa duk wanda ya je ba ya bukatar a fassara masa: ruwan yana dukan duwatsu yana kumfa, tun daga nesa za ka hango shi fari fat kamar an warware rawani an shanya a jikin dutse. Kafin ka gan shi ma kunnenka ya riga ya ji rugugi. Yaranka ba za su manta da ranar ba, shi ya sa nake so a yi tafiyar yadda za a dawo gida ana murna.

Daga Abuja kusan kilomita 160 ne. Za ka bi ta Nyanya da Mararaba zuwa Keffi, ka wuce Akwanga, daga nan ka karkata zuwa Wamba. Har Wamba kwalta ce, kowace mota za ta je. Daga Wamba zuwa magangarar kimanin kilomita 30 ne ta wajen Sisinbaki, kuma wannan ɗan guntun shi ne ainihin tafiyar. Kana matsawa gaba hanya tana ƙanƙancewa, har ta koma ta ƙasa, da hawa da gangara da ƙananan rafuka. A ƙarshe mota ma ajiye ta ake yi, a ƙarasa da ƙafa.

Maganar Agusta

Waɗanda suka ce maka ruwan ya fi cika a Agusta da Satumba gaskiya suka faɗa. Abin da ba su ƙara maka da shi ba shi ne, ruwan da ke cika magangarar shi ne ke cinye hanyar zuwa gare ta. A yankin nan damina tana sauka tun wajen Afrilu, don haka kafin Agusta ƙasa ta sha ta ƙoshi. Duk ruwan da aka ƙara a kanta ba ya nutsewa, gudu yake yi. Jar ƙasar hanyar takan koma santsi kamar an shafa sabulu, inda kuma manyan motoci masu ɗaukar kayan gona suka bi sukan bar rami biyu masu zurfi da tudu a tsakiya, wanda cikin mota ke hawa ya zauna, tayoyi suna juyawa a banza.

Laka dai ana fita daga cikinta, ko da shebur ko da taimakon mutanen ƙauye. Abin da nake jin tsoro shi ne rafi. Ka tuna cewa duk rafukan da ke wannan gindin tudu daga sama suke samun ruwa, can inda idonka ba ya kaiwa. Ana iya tafka ruwa a saman Filato alhali inda kake rana tana haskawa, bayan 'yan sa'o'i sai ruwan ya iso maka gaba ɗaya.

Wata shekara a ƙarshen Agusta na kai ma'aikata wani ƙauye a wannan shiyyar. Da safe muka haye wani rafi, ruwansa iyakarsa idon sawu, har yara na wasa a ciki. Duk yinin ranar ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, sai dai muna hango hadari baƙi ƙirin ya rufe kan tsauni. Da la'asar muka juyo, muka tarar da rafin nan ya zama wani abu dabam: ruwa ja wur, yana tafe da rassan itace da karan dawa, yana wani irin gurnani. Wani dattijo da ke tsaye a gaɓa ya nuna mini wani dutse da muka wuce ta gefensa da safe, ya ce in ka daina ganin kan dutsen can, ko saniya ba ta shiga. Dutsen kuwa ya nutse. Muka koma cikin ƙauyen, mai unguwa ya ba mu zaure muka kwana, Allah ya saka masa da alheri. Da gari ya waye ruwan ya janye kamar ba a yi ba. Mu maza huɗu ne majiya ƙarfi, kwanan zaure bai dame mu ba. Kai kuma ka auna wannan daren da yaro ɗan shekara 2, da Hajiya wadda wataƙila maganinta na dare yana gida.

Shawarata ke nan a fili: kada ka kai iyali Farin Ruwa a Agusta, ko da wace irin mota ce. Ka jinkirta zuwa Nuwamba. A lokacin ruwan sama ya ɗauke, amma tsauni bai gama sakin abin da ya sha ba, don haka magangarar tana nan da ƙarfinta, daji kore shar, hanya kuma ta fara bushewa. A ganina babu watan da ya kai shi. In makarantar yara ta hana, hutun Disamba ma ya yi: ruwan ya ɗan ragu amma yana nan da kyansa, hanya ta bushe sarai, sai dai ƙura da hazon hunturu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa ruwan yakan ja baya ƙwarai, ga zafi, yara za su iya cewa ba abin da aka yi musu alkawari ke nan ba.

Highlander ko Hilux

A wurinmu duk mota mai ɗan tsayi jif ce, amma ba duka suka zama ɗaya ba. Highlander da RAV4 da CR-V da Lexus RX motocin kwalta ne da aka ɗaga kaɗan. Da yawa daga Highlander ɗin da ke yawo a ƙasar nan ma da ƙafafun gaba kawai suke ja. Ka duba bayan taka, in ba ka ga an rubuta 4WD ko AWD ba, wato alamar mai ja da ƙafa huɗu, to ka sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya tabbatar maka. Ko mai ja da ƙafa huɗun ce, ba ta da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da ake hawa dutse ko fita daga laka da ita, cikinta yana kusa da ƙasa, tayoyinta kuma na titi ne. Hilux an gina ta a kan ƙarfen shasi, tana da tsayi, tana da wannan giyar. Don hanyar Farin Ruwa, Hilux ce.

Amma ka bincika abu biyu kafin ka saki jiki. Na farko, Hilux ma akwai mai ja da baya kaɗai. Ka duba kusa da giya: in akwai ƙaramin sanda na biyu, ko maɓallin murɗawa mai rubutun H2 da H4 da L4, to mai ja da ƙafa huɗu ce: H2 ja da ƙafafun baya ne kawai, H4 ja da ƙafa huɗu, L4 kuma ƙafa huɗu da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi. Na biyu, yawancin masu irin motar nan a birni sukan yi shekaru ba su taɓa sa ta a H4 ba, har abin ya ƙage. Na sha ganin mutum ya shiga laka yana taƙama da motarsa, ya murɗa maɓalli, fitila ta yi ta ƙiftawa, ƙafafun gaba ko motsi. Saura mako guda tafiya, ku fita da ƙaninka wani fili mai ƙasa, ku gwada H4, ku gwada L4, ku tabbatar suna shiga suna fita. Nan ne kuma za ka fara koyon yadda motar ke ji a hannu.

Sai matsalar da ba ka ambata ba: ku shida ne, Hilux mai ƙofa huɗu kuma mutum biyar take ɗauka. Kada ka yarda a zuba yara a bayan a-kori-kura, ko sun yi ta roƙo, domin rami ɗaya ya isa ya cilla yaro waje. Riƙe ƙaramin a cinya ma a irin wannan hanyar ba tsaro ba ne. Mafitar da na fi so ita ce ka gayyaci ƙaninka ya zo da motarsa da kansa, kai kuma ka ɗauko Highlander. Ka ga an sami wurin zama, an sami direban da ya san motarsa, an kuma sami mota biyu, wanda shi ne babban tanadin tafiyar daji, don in ɗaya ta maƙale ɗaya za ta ja ta ko ta je neman taimako. Da rani Highlander za ta yi nisa a hanyar. Inda ɗan jagora ya ce a ajiye ta, a ajiye ta a ƙauye a hannun mutane, Hilux ta yi sawu biyu.

A jikin motar, taya ce gaba da komai. Ka duba zanenta bai cinye ba, gefenta bai tsattsage ba. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na da kyau, ban yarda da ita a kan duwatsu masu kaifi ba. Safaya ta kasance da iska, a kuma gwada kwance ta tun a gida, domin ta Hilux a ƙarƙashi take rataye kuma sarƙarta takan yi tsatsa. Bakanike ya duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto da fambel da batir. Ka saka jak da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai, da shebur, da adda, da igiyar jan mota ta gaske, da famfon iska mai aiki da batirin mota, da tocila. Ruwan sha ya wadata har ya yi saura, abinci kuma ka lissafa da kwana ɗaya fiye da yadda ka yi niyya. Mai kuma a Akwanga za ka cika tanki.

Tuƙin kansa

A kan kwalta motar tana H2. Kada ka bar ta a H4 a busasshen titi, saboda a wannan yanayin ƙafafun gaba da na baya a ɗaure suke da juna, a kwana kuwa ba nisa ɗaya suke ci ba. A ƙasa taya takan ɗan zame ta sauke wannan matsin, a kwalta kuwa ƙarfen ne ke shan wahalar. Da ka sauka hanyar ƙasa mai santsi ko tsakuwa, ka sa H4 tun kafin ka shiga matsala. Kuskuren sabon shiga ke nan, sai ya maƙale sannan ya tuna da ita. L4 kuma sai an tsaya cak, an mai da giya firi, sannan a sa. Aikinta hawa mai tsauri, da gangara mai tsauri, da laka mai zurfi. Rage iskar taya daga awo 32 ko 35 zuwa wajen 25 yana sa ta kama ƙasa sosai, ya kuma rage wa Hajiya jijjiga, amma da sharaɗin za ka mai da iskar kafin ka hau kwalta.

A cikin laka, ka riƙe totur daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. In ka ji taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka nan take. Duk ƙarin wutar da za ka ba ta rami take haƙa wa kanta. Ka gwada komawa baya a kan sawunka; in ta ƙi, a sauka a kwashe lakar gaban tayoyi, a cusa duwatsu da rassa. In ta kai ga ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don haka a jikin shasi, ba a bamba ba, kuma kowa ya matsa nesa, musamman yara, don igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum. A gangara ka sa ƙaramar giya ka bar inji ya riƙe motar, kada ka taka kuloci, kada ka danne birki da ƙarfi. Manyan yatsunka kuma su zauna a kan bakin sitiyari, kada ka zura su ciki, domin in taya ta daki dutse sitiyarin yakan fizge.

Rafi ko da rani ne, ba a shigarsa da ka. Ka tsaya, ka sauka, ka taka shi da ƙafa da sanda a hannu, ka ji zurfinsa, ka ji ko ƙasansa dutse ne ko yashi mai zurmawa, ka kuma duba inda za ka fita a ɗaya gaɓar. Ƙa'idata ita ce, in ruwa mai gudu ya kai gwiwa, ko in na kasa tsayawa a cikinsa da kyau, mota ba ta shiga. Mutane suna raina ƙarfin ruwa. Mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da jif. Akwai kuma haɗarin inji: in ruwa ya shiga ta inda yake shaƙar iska, to ya gama, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfen cikin injin ne zai lanƙwashe. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa kada ka sake tayar da ita, a jawo ta waje tukuna. In kuwa rafin ya yi daidai, ka sauke gilasai, ka shiga da L4 a hankali, kada ka canja giya a tsakiya, kada ka tsaya. Bayan ka fita ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya har ya bushe.

Alama mafi sauƙi kuwa ita ce 'yan acaɓan ƙauyen. Su ke bin hanyar nan kullum. In ka tarar sun jingine baburansu a bakin rafi suna jira, kai ma nemi inuwa.

Duk wannan bayani ne a rubuce, kuma karatu ba ya mai da mutum direban daji. Tunda ka ce ba ka taɓa yi ba, in ƙaninka ma ɗan kwalta ne, ku ɗauki direba a Akwanga ko Wamba wanda ya saba da hanyar, ku biya shi na yini. Babu abin kunya a ciki.

Hajiya da yara a bakin ruwa

Daga inda mota ke tsayawa akwai tafiyar ƙasa ta cikin itatuwa, da hawa da sauka a kan duwatsu. Ga matashi ba komai ba ce, ga mai ciwon gwiwa kuwa aiki ne. Ni direba ne, hukuncin gwiwar Hajiya na likitanta ne, ka tambaye shi kafin tafiya. Abin da na gani dai shi ne dattawa da yawa sukan wadatu da hango ruwan daga nesa, a shimfiɗa musu tabarma a inuwa, wani babba ya zauna tare da su. Ka gaya mata haka tun a gida, don kada ta ga jikoki sun yi gaba ta tilasta wa kanta. Su kansu awannin jijjiga a mota ma abin lissafi ne a gare ta: a ba ta kujerar gaba, a riƙa tsayawa tana miƙe ƙafa.

A gindin magangarar, feshin ruwa yana jiƙa duwatsu dare da rana, gansakuka ta lulluɓe su. Wannan santsin ya fi ruwan kansa yawan jikkata mutane. Kowa ya sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas. Kowane yaro da babban da ke riƙe da shi, a kuma faɗi sunan wanda ke kula da wane tun kafin a sauka, domin inda manya suka yi yawa kowa yakan ɗauka wani ne ke kallo. Ƙaramin a goye shi. Ɗan shekara 11 ɗin nan shi na fi ji, don shekarun ƙarfin hali ne, shi zai so hawa dutsen da ya fi kowane tsayi a ɗauke shi hoto.

Kada kowa ya yi iyo a kududdufin da ruwan ke faɗawa. Ruwan wurin juyawa yake yana jan abu ƙasa, ga shi cike da kumfa wadda ba ta ɗaukar jiki kamar ruwan kogi, ga duwatsu a ɓoye. Gwanayen iyo ma sun halaka a irin waɗannan wurare. In kuma kuka ga ruwan ya fara sauya launi zuwa ja, ko ganyaye da ƙirare sun fara gangarowa, ko rugugin ya ƙaru, ku hau tudu nan take, a bar kayan. Can ƙasa inda ruwa ke kwanciya, kada a bar yara su yi ta wanka, saboda tsargiya a irin ruwan da ba ya gudu ake ɗaukarta. Ruwan ya yi kyau a ido amma kada a sha. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙananan ƙudaje masu cizo, a kuma bi sawun ɗan jagora, kada yaro ya cusa hannu a ramin dutse ko ya kutsa ciyawa, don yankin akwai kububuwa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana mutum motsi a nufi asibiti da shi.

Da ɗan gari akan ci gari

Mutanen ƙasar Wamba, wadda sarkinta ke da sarautar Oriye Rindre, suna da harsunansu, amma Hausa ita ce harshen kasuwa, ba za ka rasa wanda za ku fahimci juna ba. In kun isa ƙauyen ƙarshe ku fara da gaisuwa wurin mai gari, ku nemi ya haɗa ku da ɗan jagora, ku yi ciniki tun kafin a tashi, ku biya shi da daraja. Gonakinsu za ku ratsa, in mota ta maƙale su za su turo ta. Ku sayi abin da suke sayarwa, ku kwaso ledojinku da robobinku ku dawo da su.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba. Ka san halin da hanyoyin karkara ke ciki a shekarun nan, kuma abu ne da ke sauyawa daga mako zuwa mako. Bayanin wanda ke nesa, har da nawa, ba ya maye gurbin na mutumin da ya kwana a garin jiya. Kwana biyu kafin tafiya ka sami wani a Wamba ko Akwanga ka tambaye shi halin hanya da na tsaro. Ranar tafiya ka biya ofishin 'yan sanda na Wamba ka shaida musu inda za ku. In mutanen wurin suka ce a dakata, a dakata. Kada ka sanar da tafiyar a Facebook ko WhatsApp, hotuna su jira sai kun dawo gida. Waya ba ta kamawa a ko'ina a can, don haka ka bar wa wani ɗan'uwa a Abuja bayanin inda kuka nufa da lokacin da ya kamata ya ji muryarka.

Yadda zan tsara ta in ni ne: mu tashi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu kwana a Akwanga, don cunkoson Nyanya da Mararaba kaɗai yana iya cinye safiyar wanda ya ce zai yi ta a yini ɗaya. Asabar da ƙarfe 7 mu kama hanya. Kilomita 30 ɗin nan na ƙarshe kada ka lissafa su da gudun kwalta, ka ware musu awa biyu, in kun riga haka isa to riba ce. Sai kuma ka yanke lokacin juyowa tun kafin ku tashi, ka gaya wa kowa: ƙarfe 2 na rana muna cikin mota, ko an gama kallo ko ba a gama ba, ko ma ba a kai ga ruwan ba. Magariba ta same ku a kan kwalta.

Alkawarin hutun Agusta kuma ba sai ya tashi a banza ba. Ka kai su magangarar Gurara a Jihar Neja, ta hanyar Suleja zuwa Minna. Tsayinta wajen mita 30 ne kawai, amma da damina faɗinta yakan kai mita 200, kuma tana kusa da babban titi, Highlander ɗinka za ta kai ku ku dawo a yini ɗaya. A wannan watan ruwanta ja ne, yana tafe da fushi, don haka ku tsaya daga sama inda ake hangensa, kada kowa ya gangara bakinsa. Feshin zai iske ku har can, ka tafi wa Hajiya da kujera da mayafi mai kauri.